Yadda za ka zaga da baƙinka a Sakkwato alhali kai ma baƙo ne

Birnin Sakkwato yana ɗauke da mutane masu yawa waɗanda ba a nan aka binne cibiyarsu ba. Akwai ɗaliban da suka ƙetaro daga Jamhuriyar Nijar domin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a zaurukan malamai, akwai 'yan kasuwar Ƙonni da Tawa da Maraɗi da suka kafa shago har suka ɗauko iyali, akwai kuma Hausawan Gana da na Kamaru da neman ilimi ko neman halali ya kawo. Duk mai irin wannan zama ya san cewa wata rana waya za ta shigo daga gida, abokin ƙuruciya ko ɗan'uwa ya ce yana tafe, yana so ya ga Birnin Shehu da idonsa. Daga wannan lokaci kai ne mai masaukinsa, kai ne kuma jagoransa, ko da kuwa abin da ka sani a garin bai wuce hanyar gidanka da ta wurin aikinka ba. Ni ma daga ƙetaren iyaka na zo, kuma abin da nake ganin ya fi kome muhimmanci shi ne ka nuna wa baƙo wurare kaɗan a natse, bisa tsarin da zai sa ya fahimci garin, sannan ka jingina da 'yan gari a duk inda saninka ya ƙare.

Kafin su taso

Tambaya ta farko da za ka yi wa mai zuwa ita ce abin da ke kawo shi. Wani ziyarar Hubbaren Shehu, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, ita ce kaɗai a ransa, wani sari zai yi a kasuwa ya haɗa da ganin gari, wani kuma ya rako marar lafiya asibitin koyarwa ne, sai ya sami yini ɗaya na sarari. Tsarin kowannensu daban ne. Wanda ya rako marar lafiya, awa biyu da hantsi sun ishe shi, kuma bai kamata ka nisanta shi da asibiti ba. Idan da dattijo ko mata da yara a cikin tafiyar, sai ka rage yawan wurare ka ƙara lokacin hutu.

Idan zaɓen lokaci yana hannunka, ka ba su shawara su zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da iska take da sanyi, ko da yake hazo da ƙurar hunturu sukan dami mai ciwon ƙirji. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma ko mutumin Tawa da ya saba da rana zai gaji idan aka yini da shi a kan titi. A irin wannan lokaci fita biyu ake yi, ɗaya daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, ɗaya daga la'asar zuwa magariba, tsakiyar rana kuwa ta gida ce. Wanda yake son ganin dawaki da ado, sai ya daidaita zuwansa da Sallah, ya ga dawowar Mai Alfarma Sarkin Musulmi daga Fakon Idi zuwa fada, amma ya sani cewa ranar cunkoso ce, ba za a iya haɗa ta da wata ziyara ba.

Maganar iyaka tana bukatar bincike sabo a kowace tafiya. Masu zuwa daga Nijar yawanci ta Birnin Ƙonni suke shigowa Illela, daga nan su miƙe kudu zuwa Sakkwato, kuma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai ƙa'idojin wucewa sun sha canzawa. Saboda haka ka tambayi direbobin da suke bin hanyar a makon da ake ciki, kada ka dogara da yadda kai ka wuce bara. Ka gaya wa baƙinka su riƙo takardunsu na shaida cikakku tare da katin rigakafin shawara, su kuma taso da sassafe domin su iso da sauran rana. Sefa ba ta sayen kome a yawancin shagunan cikin gari, don haka su canza kaɗan a bakin iyaka na kuɗin mota da ruwan sha, sauran kuma ka kai su wurin ɗan canjin da ka sani. Sayen layin waya a Najeriya yana bukatar rajista da takardun shaida, abin da zai iya yi wa baƙon kwana uku wahala. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka rubuta masa lambarka da sunan shiyar da kake zaune a takarda ya sa a aljihu, domin ko kun rabu a kasuwa ya ari wayar wani ya kira ka.

Sai abubuwa biyu da suka rataya a wuyanka kai kaɗai. Na ɗaya, ka je duk wurin da kake nufin kai su kafin su iso, ka ga ƙofar shiga, ka ji lokacin da ake buɗewa, ka gaisa da masu kula da wurin har su gane fuskarka. Na biyu, ka nemi ɗan gari guda da zai raka ku, ko maƙwabci ko abokin karatu ko dattijon masallacinku, musamman wanda ya tashi a cikin tsohon gari. Lungunan da ke kewaye da fada suna da rikitarwa ga wanda bai saba ba, kuma akwai ƙofofin da gaisuwar ɗan gari take buɗewa cikin minti ɗaya, waɗanda kai za ka daɗe a tsaye a bakinsu. Idan gidan haya kake, ka sanar da mai gidan cewa kana da baƙi, ka kuma gabatar da su ga maƙwabta a masallaci tun daren farko.

Hubbare da abin da ke kewaye da shi

Ranar isowa ba ranar yawo ba ce. A ba su ruwa da fura, su yi wanka, su ci tuwo, su kwanta. Washegari da safe sai a fara da Hubbare, domin daga nan ne labarin garin yake kamawa, kuma duk abin da za su gani daga baya zai fi yi musu ma'ana idan sun fara da shi.

Tun a hanya ka ba su tarihin a taƙaice, gwargwadon abin da za su iya riƙewa. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754 a Maratta, ƙauyen da yau yake cikin ƙasar Nijar kusa da Galmi, kuma wannan kaɗai yakan sa baƙo daga can ya ji cewa yana da rabo a cikin labarin. Ya yi zaman karantarwa a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, a shekarar aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, sannan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Ɗansa Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a matsayin birni a 1809, Shehu kuma ya zauna a Sifawa kafin ya dawo nan a 1815, ya rasu a 1817. Wato shekara biyu kacal ya yi a garin da ake kira da sunansa, kuma gidan da ya zauna shi ne ya zama Hubbare. A harabar ne aka binne 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, malamar da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru, matan da suke bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Idan akwai mata a cikin baƙinka, ka tsaya a kan wannan da kyau, domin sau da yawa shi ne abin da suke komawa gida da shi. A nan kuma aka binne wasu daga cikin sarakunan Musulmi na baya, har da Abubakar na Uku wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988.

Ladabin wurin sananne ne ga kowane Musulmi, amma tunatarwa tana da amfani. A yi shiga ta mutunci, a cire takalmi inda aka ce a cire, a sassauta murya, a bi umarnin masu kula da wurin game da inda maza suke tsayawa da inda mata suke tsayawa. Kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai an tambaya an yarda. Ka gaida dattijon da ya tarbe ku da "Baba, mun same ku lafiya?" ko "Allah ya gafarta Malam", ka gabatar da baƙinka da sunan garinsu, domin mutanen wurin sun saba da maziyarta daga nesa kuma suna jin daɗin sanin inda mutum ya fito. Ka tanadi ƙananan kuɗi tun daga gida, saboda za ku tarar da masu neman sadaka a bakin ƙofa, kuma kyautatawa ce a yi wa wanda ya zaga da ku ihsani. Ya fi kyau kuɗin su fito daga hannu ɗaya, wato naka, domin kada baƙo ya ciro damin kuɗi a tsakiyar jama'a.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani game da baƙonka tun kafin ku isa. Musulmin ƙasar Hausa sun sha bamban a kan yadda ake ziyarar kaburburan bayin Allah. Wani zai so ya daɗe yana addu'a, wani zai yi sallama ga mamata ya roƙa musu gafara ya fito, wani kuma zai fi so ya tsaya daga waje ya ji tarihi kawai. Ka tambaye shi a gida cikin hikima, ka bar kowa a kan abin da ya natsu da shi. Ƙofar Hubbare ba wurin muhawara ba ce, kuma mai masauki da ya bar baƙinsa suka kaure da gardama a gaban masu wurin ya jawo wa kansa abin da zai daɗe yana gyarawa bayan sun tafi.

Daga Hubbare, Masallacin Shehu da Masallacin Sarkin Musulmi Bello da fada duk suna kusa da juna a cikin tsohon gari, ana iya haɗa su a safiya ɗaya. Fada gidan sarauta ne mai aiki, inda Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar, Sarkin Musulmi na 20, yake zaune tun 2006. Ganin ƙofarta da dogarai daga waje abu ne mai sauƙi, amma shiga ciki yana bukatar izini da wanda zai yi muku iso, saboda haka kada ka yi wa baƙo alkawarin gaisuwa da Sarki sai idan ka riga ka shirya ta hanyar da ta dace. Idan ranar Juma'a ce, ku je masallaci da wuri, ku bar mota nesa ku taka.

Wurin da masu masauki da yawa suke tsallakewa, alhali ya cancanci safiya guda shi kaɗai, shi ne gidan tarihi na Waziri Junaidu, wanda aka sa wa sunan malamin nan masanin tarihi da ya rasu a 1997. A can ne baƙo zai ga rubuce-rubucen hannu na Larabci da na ajami, da kayan yaƙi, da kayan sarauta, da takardun zamanin Turawa. Ma'aikatar gwamnati ce, don haka a je ranar aiki da hantsi, a kuma nemi ma'aikacin da zai yi bayani. Idan kun fito, ka bi da su ta wajen Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta kara da sojojin Ingila a ranar 15 ga Maris, 1903, kafin ya yi hijira gabas ya yi shahada a Burmi a cikin wannan shekara. Yau filin wasa da wasu wurare suna ɗauke da sunan Giginya, kuma mutane da yawa suna wucewa ba tare da sun san dalili ba. Sunayen ƙofofin gari, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya, su ma suna nuna iyakar tsohuwar ganuwa, kuma ɗan garin da ke tare da ku zai iya nuna muku inda kowacce take yayin da kuke wucewa.

Ka kuma riƙe a ranka cewa tarihin nan yana da masu ba da shi ta fuska fiye da ɗaya. Baƙon da ya fito daga Maraɗi ko Tsibiri jikan mutanen da suka ƙi miƙa wuya ne, Katsinawa da Gobirawan da suka koma arewa suka kafa sababbin garuruwa, suka ci gaba da fafatawa da Sakkwato shekaru masu yawa, har da yaƙin Gawakuke na 1836. Abin da ya ji daga bakin kakanninsa zai iya saɓa wa abin da mai bayani zai faɗa. Ina ganin wannan yana ƙara wa ziyarar armashi matuƙar an bar tattaunawar sai an koma gida an zauna a kan tabarma, kowa ya kawo abin da ya sani cikin girmama kakannin ɗan'uwansa.

Kasuwa, gulbi da abinci

Yini na biyu na rayuwar yau ne. Babbar kasuwa tana da kome, amma abin da ya fi dacewa da baƙo shi ne kayan fata, domin fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da ayari yake ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Ka kai su wurin dukawa su ga yadda ake ɗinka jaka da takalmi da matashi da gafaka, ka bar ciniki a hannun ɗan gari ko naka, domin harshe yakan tona baƙo tun a gaisuwa. Mai sha'awar dabbobi kuma a kai shi Kara ya ga shanu da raguna da raƙuma. A kowane wuri a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko hajarsa, kuma kada a kusanci shingen jami'an tsaro da waya a ɗage.

Da la'asar sai ku fita ta hanyar jami'a, wadda aka kafa a 1975, ku tsaya a Kwalkwalawa inda hanya take ƙetare gulbin Rima. Nan ne baƙo zai ga fadamar da take ciyar da garin, da shinkafa da albasa da sauran kayan lambu, da masunta da masu sayar da kifi. Ga wanda ya ɗauka cewa Sakkwato rairayi ce da rana kawai, wannan fitar takan canza masa tunani.

Abinci kuwa kusan iri ɗaya ne da na gida, don haka ba sai ka wahalar da kanka ba. Fura da nono da rana, tuwon shinkafa da dare, masa da safe, balangu ko kilishi daga wurin mahaucin da ka amince da tsabtarsa. Ruwan sha kawai za ka tsananta a kai, ka riƙe wadatacce a mota. Don zirga-zirga, mutum ɗaya ko biyu suna iya hawa kabu-kabu, amma idan akwai mata ko dattawa ya fi kyau ka yi shatar keke mai ƙafa uku ko mota na yini guda, a yanke kuɗi tun kafin a tashi.

Fita wajen gari

Baƙi masu son tarihi za su roƙe ka ka kai su Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Bello yake tun rasuwarsa a 1837, ko Degel, ko kufan Alƙalawa a ƙasar Sabon Birni, ko kufan Surame, birnin Kanta na Kabi da ke ƙasar Binji. Duk wurare ne masu daraja, amma shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta addabi sassa da dama na jihar, musamman gabashi da wasu yankunan kan iyaka, kuma hanyar da take lafiya a wannan wata tana iya lalacewa a wata mai zuwa. A nan ba a bin son zuciyar baƙo, ba a kuma jin kunyar cewa a'a. Ka tambayi direbobin tasha da mutanen da suka fito daga yankin a ranar, idan bakinsu bai zo ɗaya a kan cewa hanya lafiya take ba, a fasa. Idan an tafi, a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, tare da wanda yake da dangi a can. Sifawa, da ke ƙasar Boɗinga kudu da birni, ta fi kusa. Wanda yake da yini cikakke kuma yana iya zuwa Argungu a Jihar Kabi, mai nisan kimanin kilomita 100, ya ga gidan tarihi na Kanta da gulbin da ake bikin kamun kifi, ko Gwandu inda Malam Abdullahi ƙanen Shehu yake kwance. Su ma waɗannan sai an yi tambaya kafin a kama hanya.

Kuɗi, aiki da sallama

Al'adarmu ta ɗora ciyar da baƙo a kan mai masauki, kuma mutanen gida sukan ɗauka cewa duk wanda yake zaune a wata ƙasa yana da yalwa. Ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa zai iya cinye jarinsa a kwana uku idan kunya ta hana shi magana. Abin da ya dace shi ne ka ɗauki nauyin kwana da abincin gida, sannan idan aka zo maganar shatar mota zuwa nesa, ka faɗi kuɗin a fili tun da dare, ka ce ga abin da za ka iya, ga abin da ya rage. Aboki na gaskiya ba zai ji haushin wannan ba, kuma yawanci shi ma yana neman hanyar da zai taimaka ne ba tare da ya ɓata maka rai ba. Haka nan kada ka rufe shago ko ka bar aji na tsawon mako. Ka ware yini biyu cikakku, sauran kwanakin ka haɗa su da wani amintacce, ko ka bar su su huta, su je masallacin shiya, su zauna a majalisar ƙofar gida su ji Sakkwatanci daga bakin masu shi.

Ana gobe za su tafi, ka kai su su yi sallama da mai gidanka da maƙwabtan da suka gaisa da su, da ɗan garin da ya raka ku, wanda ya cancanci godiya ta musamman har gidansa. Tsarabar da za su kai gida a saye ta tun ranar, kilishi da kayan fata da littattafan addini, tare da ɗan saƙonka zuwa ga iyaye. Da asuba ka raka su tasha da kanka, ka zaɓa musu motar da ta kusa cika, ka karɓi lambar direban, ka kuma ce su kira ka da zarar sun wuce Illela sun shiga Ƙonni.